Murar tsuntsaye: abin da bin sawun agwagin daji ya nuna wa garuruwan kan iyaka irin su Daddara

Tun daga shekarar 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya ake tafka muhawara a kan tambaya guda: shin tsuntsayen daji masu ƙaura daga Turai da Asiya ne suka kawo cutar, ko kuwa fataucin kaji da ƙwai ne? Domin neman amsa, masana sun ɗaura wa wasu agwagin daji ƙananan na'urori a arewacin ƙasar, suka riƙa bin sawunsu ta tauraron ɗan Adam. Abin da suka gano ya shafi duk mai kiwon kaji, musamman a garuruwan kan iyaka.

Hanyoyi biyu a wuri guda

Daddara gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi kan iyakar Nijar, ta wuce Ɗan Isa zuwa Maradi. Hanya ce ta fatake tun kaka da kakanni. Hatsi da dabbobi da kaji da zabi da ƙwai duk suna bin ta, wasu ta mashigar hukuma, wasu kuma ta ɓarauniyar hanya.

Akwai kuma wata hanyar a sama, wadda ba ta da shingen kwastam. Madatsar ruwa ta Jibiya tana kan kogin Gada, wanda idan ya shiga Nijar ake kiransa Gulbin Maradi, kuma a ƙetaren iyakar akwai tafkin Madarunfa. Irin waɗannan wurare ne tsuntsayen ruwa ke nema da rani, lokacin da ƙananan tafkuna suka ƙafe.

Saboda haka, idan kaji suka fara mutuwa a irin wannan yanki, akwai ƙofofi biyu da cutar za ta iya biyowa. Sanin wadda ta fi haɗari shi ne zai nuna inda ya kamata hukuma ta zuba kuɗinta, da kuma abin da mai kiwo zai yi a gidansa.

Yadda cutar ta iso

An fara gano ƙwayar cutar H5N1 mai tsanani a jikin wata dinya ta gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a shekarar 1996. A shekarar 1997 ta kama mutane 18 a Hong Kong, shida suka rasu. Shekaru da dama ana ɗaukarta matsalar gonakin kaji na gabashin Asiya.

Lamarin ya sauya a shekarar 2005, lokacin da tsuntsayen daji fiye da 6,000 suka mutu a tafkin Qinghai da ke yammacin ƙasar Sin. Cikin watanni kaɗan aka ga cutar a Rasha da Kazakistan, daga nan sai Turkiyya da Romaniya. Ganin yadda take matsowa yamma, hankali ya koma kan tsuntsaye masu ƙaura.

Ranar 8 ga watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, bayan gwajin da aka yi a wani ɗakin bincike a birnin Padova na Italiya. Kaji kusan 40,000 ne suka mutu a gonar. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da cutar a nahiyar Afirka. Ba a jima ba aka samu rahotonta a Kano da Filato, sannan Katsina da wasu jihohi.

Kafin watan ya ƙare, Nijar ta tabbatar da cutar a jikin agwagin gida a Magarya da ke jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Bayan 'yan watanni kuma aka same ta a yankin Madarunfa na jihar Maradi, wato maƙwabtan Jibiya.

Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta ba da umarnin kashe kajin gonakin da abin ya shafa, tare da biyan diyyar naira 250 a kan kowace kaza. Masu kiwo da dama sun ga kuɗin bai kai darajar kaza a kasuwa ba, abin da ya sa wasu suka gwammace su sayar da kajinsu cikin gaggawa maimakon su kai rahoto. Daga 2006 zuwa 2008 cutar ta shiga jihohi 25 da Abuja, aka yi asarar tsuntsayen gida fiye da miliyan ɗaya. A watan Janairun 2007 kuma wata matashiya mai shekara 22 ta rasu a Legas sakamakon kamuwa da ita.

Me ya sa aka zargi tsuntsayen daji?

Zargin yana da tushe. Agwagi da dinyoyin daji da sauran tsuntsayen ruwa su ne matattarar ƙwayoyin murar tsuntsaye tun asali. Akasarin waɗannan ƙwayoyin masu sauƙi ne: suna zama a hanjin tsuntsu, suna fita ta kashinsa zuwa cikin ruwa, ba tare da sun kwantar da shi ba. Matsala takan taso ne idan nau'in H5 ko H7 ya shiga garken kaji masu cunkoso, inda yake iya rikiɗa ya zama mai kisa.

Bugu da ƙari, yankin Sahel masauki ne na miliyoyin tsuntsaye. Bahaushe ya san shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta ƙarato, amma ita ƙaurarta a cikin Afirka take. Akwai wasu baƙin da ke zuwa daga nesa. Suna hayayyafa a Turai da Rasha, idan sanyi ya fara can sai su tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso daga wajen watan Satumba zuwa Nuwamba, su koma a Maris da Afrilu. A taƙaice dai 'yan ci-rani ne, kamar yadda mutanen karkara ke tafiya neman abinci bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa.

Manyan masaukansu uku ne: bakin kogin Senegal, da fadamun kogin Kwara a tsakiyar Mali, da yankin Tafkin Chadi haɗe da dausayin Hadeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe.

Wani bincike da masana daga Luxembourg da Jami'ar Ibadan suka wallafa a mujallar Nature a 2006 ya ƙara wa zargin ƙarfi. Sun nazarci tsarin halittar ƙwayoyin da aka samu a Najeriya, suka ga cewa ba sau ɗaya cutar ta shigo ba, zuriya uku ce daban-daban. Hakan ya yi daidai da hanyoyin ƙaurar tsuntsaye, ko da yake masanan ba su kawar da yiwuwar shigowarta ta hanyar ciniki ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, a farkon shekarar 2006 an ɗebi samfuri daga dubban tsuntsayen ruwa a ƙasashen Afirka da dama, ba a samu H5N1 a jikin ko ɗaya ba, sai ƙwayoyi masu sauƙi a jikin kaɗan daga cikinsu. Abin tambaya a nan shi ne: tsuntsun da ke ɗauke da cuta mai kisa zai iya tafiyar dubban kilomita kuwa? Gwajin samfuri kaɗai ba zai amsa wannan ba. Sai an san inda tsuntsun yake zuwa, da kwanakin da yake yi a hanya.

Yadda ake bin sawun tsuntsu

Tsohuwar dabara ita ce zobe. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a shekarar 1899. Idan mafarauci ko masunci ya tsinci zoben ya aika da shi, sai a san tsuntsun ya tashi daga nan ya kai can. Illar wannan dabara ita ce tana nuna farko da ƙarshe ne kawai, kuma zobba kaɗan ne ke dawowa.

Sabuwar dabarar kuwa na'ura ce ƙarama da ake goya wa tsuntsu a baya da ɗan madauri, tana samun wuta daga hasken rana. Ƙa'idar masana ita ce kada nauyinta ya wuce kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na nauyin tsuntsun, don kada ta hana shi tashi ko neman abinci. Na'urar tana aika sigina zuwa taurarin ɗan Adam na tsarin Argos, wanda Faransa da Amurka suka kafa a 1978. Yayin da tauraron ke wucewa a sama, sautin siginar yana ɗan canzawa, kamar yadda ƙarar mota ke canzawa idan ta tunkaro mutum ta wuce. Da wannan canjin ake lissafa inda tsuntsun yake. Manyan tsuntsaye kuma ana iya sa musu na'ura mai GPS, wadda ta fi nuna wuri daidai.

Kafin a saki tsuntsun, ana goga auduga a maƙogwaronsa da duburarsa, a adana samfurin cikin tsananin sanyi, a kai ɗakin bincike. A Najeriya wannan aikin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa ne da ke Vom kusa da Jos. Ta haka ake haɗa abu biyu: ko tsuntsun na ɗauke da cuta ranar da aka kama shi, da kuma inda ya je bayan haka.

Abin da aka gano a Hadeja da Nguru

A watan Fabrairun 2007, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, CIRAD, da hukumar USGS ta Amurka, da ƙungiyar Wetlands International, da jami'an Najeriya, sun kama agwagin daji a dausayin Hadeja da Nguru suka ɗaura musu na'urori. An yi irin wannan aikin a Mali da Malawi. Labarin tsuntsaye biyu daga cikinsu ne ya fi ɗaukar hankali.

Ta farko wata ƙaramar agwagwa ce daga jinsin da Turawa ke kira gargani, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, aka goya mata na'ura mai nauyin giram 12. Da lokacin komawa ya yi, ta tsallake Sahara, tafiyar fiye da kilomita 2,000 cikin ƙasa da kwana biyu. Ta ya da zango a tsibirin Kirit na Girka, ta sake hutawa a yankin mashigin Bosforus a Turkiyya, sannan ta isa Rasha. Daga baya ta sauko bakin kogin Danube, inda siginarta ta ɗauke. Wurare da dama a kan hanyar tata suna kusa da inda H5N1 ta taɓa ɓulla. Wannan ya tabbatar da cewa akwai hanya kai tsaye tsakanin fadamun arewacin Najeriya da yankin Baƙin Teku.

Ta biyu kuwa ƙirinjijiya ce, agwagwar nan mai farar fuska da fito, wadda ba ta barin Afirka. Bayan an sake ta, sakamakon gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar H5N2 mai alamun tsanani a tsarin halittarta. An samu irin wannan ƙwaya a jikin dinyar daji a wurin. Duk da haka ƙirinjijiyar ba ta mutu ba. An bi sawunta fiye da wata guda, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa yankin Tafkin Chadi. An wallafa wannan sakamako a 2008, kuma yana cikin shaidun farko da suka nuna tsuntsun daji zai iya ɗaukar irin wannan ƙwaya ya rayu, har ya tsallake iyakar ƙasa.

Darasin da ke nan shi ne, ba baƙin tsuntsaye kaɗai ne abin lura ba. Baƙi na iya sauke ƙwayar a babban dausayi, 'yan gida irin su ƙirinjijiya su ɗauke ta zuwa ƙananan tafkuna da madatsun ruwa, inda suke cuɗanya da agwagin gida.

Lissafin kwanaki

Sai dai iyawa daban, yawan faruwa daban. A shekarar 2010 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Nicolas Gaidet na CIRAD ta tattara bayanan tsuntsaye 228 daga jinsi 19 da aka bi sawunsu a Asiya da Turai da Afirka. Suka kwatanta tafiyarsu da tsawon lokacin da tsuntsu ke fitar da ƙwayar cutar ba tare da ta kayar da shi ba, wanda bisa gwaje-gwaje bai wuce kwanaki huɗu ba a matsakaici.

Sun gano cewa tsuntsu zai iya kai ƙwayar nisan da ya kai kilomita 2,900 a cikin wannan ɗan lokaci. Amma a duk shekara, kwanaki 5 zuwa 15 ne kawai idan tsuntsu ya kamu a cikinsu zai iya kai cutar fiye da kilomita 500. Dalili kuwa shi ne agwagi ba sa tafiya a jere. Sukan yi doguwar tafiya ta kwana ɗaya ko biyu, sannan su zauna a zango na tsawon kwanaki ko makonni, wanda a lokacin cutar ta riga ta bar jikinsu ko ta kashe su. Don cutar ta yi tafiya mai nisa, sai dai wannan tsuntsu ya miƙa wa wancan a kowane zango.

Wato ƙofar ƙarama ce ga tsuntsu ɗaya. Amma da yake miliyoyi ne ke tafiya, ba a rasa wanda zai dace da ita lokaci zuwa lokaci.

Dabarar tana da iyakarta. Na'ura ɗaya da kuɗin tauraro sukan ci dubban daloli, don haka tsuntsaye ƙalilan ake iya sa wa. Sigina kan ɗauke idan mafarauci ya harbe tsuntsun, ko madauri ya tsinke. Kazalika na'urar tana nuna inda tsuntsu yake ne, ba ta nuna ko yana da cuta a ranar ba.

Darasin Katsina

A watan Yulin 2008, bayan watanni ba a ji ɗuriyar cutar ba, ta sake ɓulla a gonaki a jihohin Katsina da Kano, aka kuma same ta a kasuwannin tsuntsaye masu rai a Gombe da Kebbi. Hukumar FAO ta sanar cewa an gano wani nau'in da ba a taɓa gani a Afirka ba, mai kama da waɗanda aka samu a Turai da Gabas ta Tsakiya. Ta kuma yi nuni da cewa da wuya a ce tsuntsayen ƙaura ne suka kawo shi a lokacin, domin a watan Yuli suna can arewa, ba su fara dawowa ba.

Wannan misali ya nuna amfanin sanin jadawalin tsuntsaye. Ko dai ƙwayar ta shigo da kayan ciniki, ko kuwa ta shigo tun da rani ta yi watanni tana yawo a ɓoye cikin agwagin gida da kasuwanni. Ko wanne ne, hannun ɗan Adam ne ya kai ta gonaki.

Akwai wani abin da ke rikita lissafi. A Najeriya cutar ta fi tashi tsakanin Disamba da Maris. Lokacin ne baƙin tsuntsaye suke nan, amma kuma lokacin hunturu ne da ƙwayar ke daɗewa a ruwa da kashin kaji saboda sanyi, kuma lokacin ne cinikin kaji ke haɓaka saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Abubuwa ukun suna haɗuwa, don haka ba a raba su sai da nazarin tsarin halittar ƙwayar.

Abin da aka sani daga baya

Cutar ta dawo Najeriya a Janairun 2015, inda aka fara ganin ta a Legas da Kano. A ƙarshen 2016 nau'in H5N8 ya ɓulla a Kano, jim kaɗan bayan ya bazu a Turai. A Janairun 2021 kwasakwasa kusan 750 suka mutu a gandun tsuntsaye na Djoudj a Senegal, kuma a farkon wannan shekarar aka samu H5N1 a Najeriya da Nijar.

Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa tsarin halittar ƙwayoyin da bayanan ƙaurar tsuntsaye, ya nuna cewa Afirka ta Yamma babbar ƙofa ce da cutar ke shigowa nahiyar daga Turai da Asiya, kuma akwai alamu masu ƙarfi cewa tsuntsayen ƙaura na da hannu a shigowar. Nau'in da ya bazu tun daga 2020 ya fi na baya sabawa da tsuntsayen daji. Ya kai Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, ya kai Kudancin Amurka a 2022, a Maris ɗin 2024 kuma aka same shi a jikin shanun madara a Amurka.

Bisa ga dukkan alamu, ɓangarorin biyu na muhawarar 2006 kowanne yana da rabin gaskiya. Tsuntsun daji na iya kawo cutar daga wata nahiya, amma jefi-jefi. Da zarar ta sauka, abin da ke kai ta daga gona zuwa gona da kasuwa zuwa kasuwa shi ne akurkin dillali, da kwalin ƙwai da ake sake amfani da shi, da tayar mota, da takalmin ma'aikaci, da takin kaji da ake sayar wa manoma.

Abin da hakan ke nufi ga kan iyaka

Na farko, kashe tsuntsayen daji ko korarsu daga tafki ba magani ba ne. Hukumar FAO ta daɗe tana gargaɗi a kan haka, domin harbi yana tarwatsa garke ne zuwa sababbin wurare, ga kuma haɗarin da mafarauci ke shiga idan ya fige tsuntsu mai cuta. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya.

Na biyu, amfanin bin sawun tsuntsaye shi ne gargaɗi tun da wuri. Idan cuta ta tsananta a yankin Baƙin Teku ko gabashin Turai a Satumba da Oktoba, jami'an dabbobi na Katsina da Maradi suna da makonni na shiri kafin baƙin su gama isowa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya duk watan Janairu tun 1967 tana taimakawa wajen sanin inda suke taruwa. Matsalar tsaro da ta addabi yankin Jibiya a shekarun baya-bayan nan, da rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun nuna cewa ba koyaushe jami'i zai iya isa ko'ina ba, kuma idan an rufe mashigar hukuma kaya sukan koma hanyoyin da ba mai duba su. A irin wannan hali, masunci da makiyayi da mai noman rani su ne za su fara ganin matattun tsuntsaye a bakin ruwa.

Na uku, sauran aikin yana hannun mai kiwo. A raba agwagi da kaji, domin agwagwa na iya ɗaukar cutar ba ta nuna alama. A hana tsuntsayen gida zuwa tafki daga kaka zuwa bazara, a ba su ruwan rijiya ko na famfo. Kazar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a juji, domin a Burkina Faso an samu H5N1 a jikin ungulu a 2006. Naman da ya dahu sosai, zafinsa ya kai digiri 70, ba ya ɗauke da ƙwayar. Haɗarin yana wajen yanka da fige kaza mai ciwo, aikin da galibi mata da yara ke yi a gida.

Ita kuwa hukuma, abin da ya faru a 2006 ya isa ishara. Mai kaji goma da take sayarwa ta sayi maganin yaro ko kayan makaranta ba za ta kai rahoto ba idan ta san za a kashe su a bar ta hannu rabbana. Diyya mai daraja da ake biya a kan lokaci ita ce ke sa labari ya isa ofishin likitan dabbobi kafin kajin su isa kasuwa.